Kowa ya yi aikinsa, amma azuzuwan ba su tashi ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne magatakardan kwamitin iyayen yara na wata makarantar firamare a nan Damagaram. Bara muka ƙudura gina azuzuwa biyu na bulo domin mu fitar da ƙananan yara daga rumfar zana, ganin abin da gobara ta yi a makarantun Yamai da Maraɗi a 2021. Mu tara ne a kwamitin. Mun zauna mun rubuta ayyukan duka, kowane aiki da mai shi da ranar da zai gama. Tsakani da Allah babu wanda ya yi lalaci, amma aka koma karatu a watan Oktoba bango bai kai linta ba, ga ƙofofi da tebura jibge a zauren shugabanmu tun cikin Agusta. Yanzu an fara zargin juna, kuma bana muna so mu ƙara wasu azuzuwan biyu. Ina kuskurenmu yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Magatakarda. Ƙofofin nan da ke jibge a zaure tun Agusta su suka ba ni amsar tambayarka kafin in kai ƙarshen wasiƙar. An zuba kuɗi da ƙarfi a kan abin da ginin bai kai ga buƙata ba, alhali abin da yake buƙata a lokacin yana can an bar shi. Takardarku ta faɗi wanda zai yi kowane aiki da ranar da zai gama, amma ba ta faɗi abin da kowane aiki yake jira kafin ya soma ba, kuma ta wannan kafa kwanaki suke zurarewa. Magini yana ɗora bulo ne ranar da bulo ya bushe, ko da takarda ta ce wata rana daban. Bulo ba ya bushewa sai an buga shi, ba a buga shi sai siminti ya sauka ga yashi ga ruwa, siminti kuma ba ya sauka sai ma'aji ya saki kuɗi. Idan ma'aji ya yi kwana biyar yana jiran sa hannun shugaba, duk wanda ke bayansa a wannan layi ya yi asarar kwana biyar ɗin tare da shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Shawarata ita ce, kafin ku karɓi ko dala daga hannun iyaye a bana, ku ware yammaci guda ku zauna gaban allon wani aji da alli, ko ku yanka kwali ƙanana ku baje a kan tabarma, kowane aiki da katinsa. Kada zaman ya zama na ƴan kwamiti kaɗai. Ku gayyato magini da kafinta da mai walda da mai amalanken da zai kawo yashi, domin su ne suka san abin da ke tsayar da su. Ku fara daga ƙarshe, wato ranar da yaro zai zauna a benci malami ya rubuta a allo, ku riƙa komawa baya kuna yi wa mai kowane kati tambaya ɗaya: me kake buƙata a hannunka kafin ka soma, kuma daga hannun wa zai fito? Duk amsar da ya bayar, a ja kibiya daga wancan aiki zuwa nasa. Dalilin farawa daga ƙarshe shi ne, idan aka fara daga farko mutum yana lissafa abin da ya tuna ne kawai, amma idan mai fenti ya ce yana jiran yaɓe ya bushe, mai yaɓe ya ce yana jiran a kafa firam ɗin taga, to ayyukan da aka manta da su za su fito da kansu. A irin wannan zama ne sau da yawa ake gano cewa babu wanda aka ɗora wa kawo ruwa, a garin da yake zaune a kan dutse, inda kowa ya san yadda famfo yake yi daga Maris zuwa Mayu.

Idan kibiyoyin sun cika allo, sai ku bi su ɗaya bayan ɗaya kuna tantancewa, domin ba kowane jira ne gaskiya ba. Akwai jiran da babu makawa, kamar rufi da ke jiran bango. Akwai kuma wanda babu mai aiki a cikinsa sam, lokaci ne kawai yake wucewa, irin shan ruwan bulo da bushewarsa. Siminti yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma makon farko, wanda ake ba shi ruwa safe da yamma, shi ne mafi muhimmanci. Irin wannan jira ku yi masa katinsa na kansa da adadin kwanakinsa, domin tun da ba a ɗora wa kowa shi ba, shi ne ake fara mantawa. Sai kuma jiran da al'ada ce kawai ta kafa shi, kuma a nan ne kwamitoci da yawa suke asarar makonni. Mai walda ba ya buƙatar ganin bango a tsaye kafin ya haɗa ƙofa. Awo yake buƙata da kafin alƙalami. Mai yaɓe ba sai an rufe azuzuwa biyun duka ba, yana iya shiga na farko yayin da kafinta yake kan na biyu. Duk kibiyar da aka tambayi dalilinta aka ce "ai haka ake yi", to a dube ta da kyau, wataƙila gogewa za a yi.

Wani jiran kuma ba ya fitowa a allo sai an neme shi da gangan, wato inda ayyuka biyu ba su da alaƙa da juna amma hannu ɗaya ne zai yi su. Idan maginin da zai zuba tushe shi ne kuma zai tsaya a kan masu buga bulo, ko amalanke ɗaya ce za ta ɗebo yashi ta kuma ɗebo ruwa, to ayyukan nan ba za su tafi tare ba ko da takarda ta jera su a rana ɗaya. Haka sa hannu. Idan kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu, kuma ɗayansu ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya Kano, to tafiyarsa ma tana cikin tsarin ginin, kuma gara a san wanda zai tsaya a madadinsa tun kafin ya ɗauki jaka.

Bari in yi maka lissafi da kwanakin da na ƙiyasta don misali, kai kuma ka sauya su da waɗanda magininku zai faɗa. A ce tara kashin farko na kuɗi kwana 21 ne, sayen siminti da rodi da kawo su kwana 5, buga bulo kwana 4, shan ruwansa da bushewa kwana 14, ɗora bango kwana 12, rufi kwana 6, yaɓe da daɓe kwana 8, jiran yaɓe ya bushe kwana 7, fenti da gyaran allo kwana 3. Waɗannan duka a jere suke, kowanne yana riƙe da wutsiyar na gabansa, kuma jimillarsu kwana 80. Wannan ita ce doguwar sarƙa, kuma ita kaɗai take yanke ranar gamawa. Kwana ɗaya da ya salwanta a kanta ya salwanta a kan aikin baki ɗaya.

Dubi sauran ayyukan kuma. Ƙofofi da tagogi, a ce kwana 15 ne a wurin mai walda daga ranar da kuɗi ya samu. Zai gama a rana ta 36, alhali ba a buƙatar fara kafa su sai rana ta 60, kwana biyu kafin a soma yaɓe, ke nan yana da rarar kwana 24. Tebura da bencina, a ce kwana 20 ne, za su kammalu a rana ta 41, kuma ba mai zama a kansu sai rana ta 80. Takardar izini daga ofishin magajin gari, a ce kwana 14, sai haƙa tushe kwana 4 da zuba shi kwana 3, duka ana buƙatar su ne kafin rana ta 44 da za a fara ɗora bulo, saboda haka takardar tana da rarar kwana 23. Ka ga yanzu abin da nake zaton ya faru da ku bara. Kuɗin farko da ya shigo, wanda ya kamata ya tafi ga siminti kai tsaye, an raba shi daidai wa daida domin kada wani ɗan kwamiti ya ga an fifita aikin wani a kan nasa. Kafintan tebura mai rarar fiye da wata guda ya samu nasa da wuri, magini da ba shi da rarar ko yini ɗaya ya zauna jiran cikon kuɗin siminti. Niyyar adalci aka yi, amma ginin ne ya biya.

Da wannan lissafi a hannu sai a ɗauko kalanda. Idan ana so yara su shiga ranar 1 ga Oktoba, aka ƙirga kwana 80 baya, za a faɗa a kan 13 ga Yuli, kuma ban cire ko Juma'a ɗaya ba. Wannan yana nufin buga bulo da shanya shi za su faɗo tsakanin 8 da 26 ga Agusta, tsakiyar damina, lokacin da ruwa ya fi sauka, leburori suna gona, iyaye kuma rumbunsu ya yi ƙasa, ba lokacin neman gudummawa ba ne. Wanda ya ce zai kauce wa damina ya buga bulo a Afrilu kuwa, zai tarar da tsadar ruwa a hannun ƴan garuwa da zafin da ke busar da bulo kafin ya sha ruwan da zai ƙarfafa shi. A ganina lokacinku shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da amfanin gona ya shigo gida, hannaye suka dawo gari, kuma tabkuna ba su gama ƙafewa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ajin da za a shiga a Oktoba, a sanyin da ya gabace shi ake buga bulonsa. Ku duba kuma inda azumi da salla biyu za su faɗo, tun da kowace shekara suna matsowa da kimanin kwana 11.

Idan lokaci ya ƙure kuna son rage kwanaki, a kan doguwar sarƙa kaɗai ragi yake da amfani. Ƙara wa kafintan tebura yara biyu ba zai matso da ranar gamawa ko da awa ɗaya ba. Amma idan kuka sayi busasshen bulo a wurin masu sayarwa maimakon ku buga naku, kun cire kwana 18 daga sarƙar. Sai dai a lura, ribar da za ta shigo hannu kwana 15 ce, domin yanzu bango zai koma jiran zuba tushe, wanda shi ma simintin da zai iso rana ta 26 yake jira, don haka ba zai gama ba sai rana ta 29. Aikin ya dawo kwana 65, amma sarƙar ta sauya hanya, kuma takardar izinin nan mai rarar kwana 23 yanzu saura kwana 8 gare ta. Tun da ita ba a hannunku take ba, ranar farko za a shigar da ita, a kuma ɗora wa mutum guda bibiyarta. Saboda irin wannan sauyi ne nake cewa kada a goge allon bayan zaman farko. A ɗauki hotonsa da waya, a dawo kansa kowane mako, kuma a taron mako kada a tsaya kan tambayar kowa ina ya kai. A tambayi wanda zai soma aiki mako mai zuwa ko abin da yake jira zai iso hannunsa a kan lokaci.

Game da zargin juna, ina ganin idan kuka zana aikin bara a allo kamar yadda ya gudana, da ranakun da kowane abu ya iso, yawancin zargin zai mutu da kansa, domin kowa zai ga inda aka tsaya da abin da aka tsaya jira.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciya ce a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin rijiyoyi a ƙauyukan Mirya da Matamaye. Masu ba mu kuɗi suna neman jadawalin Gantt a kowane rahoto, a jami'a kuma an koya mana PERT. Mene ne bambancinsu, kuma dole ne sai mun sayi manhajar kwamfuta?

Amsa: Malama, jadawalin Gantt ya samo sunansa daga Henry Gantt, wani injiniya ɗan Amurka da ya yaɗa shi a shekarun 1910. Ayyuka ne a jere daga sama zuwa ƙasa, kwanaki daga hagu zuwa dama, kowane aiki da sandarsa mai nuna farkonsa da ƙarshensa. Yana da daɗin kallo, shi ya sa masu ba da kuɗi suke son sa, amma a asalinsa yana nuna yaushe ne kawai, ba ya nuna me ya sa. Idan sanda ɗaya ta zame da mako biyu, jadawalin ba zai gaya miki waɗanne sanduna ne za su bi ta ba, sai idan an riga an ɗaure su da kibiyoyi.

Zanen kibiyoyin ya zo ne daga baya, kusan a lokaci ɗaya daga wurare uku. A 1957 kamfanonin DuPont da Remington Rand a Amurka suka fito da hanyar gano doguwar sarƙa domin tsara ayyukan masana'antun sinadarai. A 1958 rundunar sojan ruwan Amurka ta fito da PERT a aikin makami mai linzami na Polaris. A wannan shekarar kuma a Faransa Bernard Roy ya fito da hanyar da ake kira MPM, wadda take sa aiki a cikin akwati, kibiya kuma ta nuna dogaro, kamar dai katunan da na ba Malam Magatakarda shawara a sama. Abin da PERT ya ƙara, kuma zai yi miki amfani a aikin rijiya, shi ne ƙiyasi uku ga aikin da ba a da tabbacin tsawonsa: mafi gajarta, wanda aka fi tsammani, da mafi tsawo. Ana haɗa na farko da na ƙarshe da ninki huɗu na na tsakiya, a raba da shida. Haƙa da zai iya ɗaukar kwana 4 idan ƙasa ta yi taushi, kwana 7 a bisa al'ada, kwana 16 idan an ci karo da dutse, za a rubuta masa kwana 8.

Ki fara da kibiyoyi, daga cikinsu ki fitar da Gantt ɗin rahoto. Idan aka yi akasin haka, ranakun da ke jadawalin fata ne kawai aka yi wa ado. A aikinku jiran da ya fi haɗari na waje ne: sakin kashi na biyu na kuɗi da ke jiran amincewa da rahoton kashi na farko, motar haƙa da ke wani aikin a wata jiha, hanyar ƙauye da damina take yankewa, da kayan da ke shigowa ta iyaka, wadda muka ga an rufe ta a 2019 da kuma 2023. Batun manhaja kuwa, aikin da bai wuce ayyuka talatin ko arba'in ba, takarda da Excel sun ishe shi. Akwai GanttProject da ake samu kyauta, akwai Microsoft Project na kuɗi, kuma amfaninsu shi ne sake lissafi nan take idan rana ɗaya ta sauya. Amma ba ɗayansu da zai san cewa mai gari bai riga ya nuna filin da za a haƙa ba, sai idan wani ya je ya tambaya.

Tambaya: Malam, a ƙungiyarmu ta matasa a unguwar Birni akwai wani dattijo da muke girmamawa, kuma aikinsa ne yake riƙe da na mutum uku. Duk sanda aka tambaye shi sai ya ce an kusa. Ni yaro ne a gabansa. Yaya zan yi ba tare da na yi rashin kunya ba?

Amsa: Ɗan'uwa, da farko ka tabbatar ba shi ma jira yake yi ba. Na sha ganin inda mutum biyu suke jiran gawon shanu, kowanne yana zaton ɗayan ne zai motsa: mai aiki yana jiran kuɗi kafin ya kawo takardar farashi, ma'aji yana jiran takardar farashi kafin ya fitar da kuɗi, kuma kunya ta hana kowannensu magana. Idan aka zana wannan a allo, kibiya za ta zagayo ta dawo inda ta tashi, kuma ba abin da ke warware irin wannan sai an yanke wanda zai fara.

Sannan ka sauya tambayar. "Baba, yaushe za a gama?" tana kama da tuhuma, kuma amsarta kullum "an kusa" ce. Ka same shi a gida bayan la'asar, ba a gaban taro ba, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Baba, wane da wane suna so su soma ranar Asabar, kuma abin da ke hannunku suke jira. Akwai abin da ya tsaya da za mu iya kawowa, ko wani aike da za mu je?" Ta haka ka sanar da shi rana, ka sanar da shi mutanen da ke bayansa, waɗanda mai yiwuwa bai san suna jiransa ba, ka kuma ba shi ƙofar faɗin abin da ya tsayar da shi cikin mutunci. Ka tambaye shi kuma ko akwai ɓangaren da ya riga ya kammala, domin sau da yawa mutum ukun nan ba dukan aikin suke buƙata ba, ɗaya awo kawai yake jira, ɗaya kuma sunayen mutane. Idan Asabar ta zo ba abin da ya motsa, ka kai maganar ga shugaban ƙungiya ko wani sa'ansa da yake jin nauyinsa, ka tafi da zanen a hannunka, domin shi ya fi dacewa ya roƙi Baba ya bar wani yaro ya taya shi ƙarasa abin da ya rage.